Kwikwiyo Biyar a Cikin Takabata

Na san akwai wanda zai ga wannan takarda ya yi dariya, ya ce mace ta rasa abin rubutawa sai jinyar kare. Ya yi dariyarsa, ba zan hana shi ba. Tsoron irin wannan dariyar ne ya jawo mini asarar da na yi, kuma tun daga lokacin na daina jin sa. Ina rubutawa ne saboda masu kiwon karnuka, mafarauta da makiyaya da masu gadin gona, don kada wani ya zauna yana kallon abin da na kalla yana cewa ƙoshi ne.

Ni 'yar Bilbis ce ta ƙasar Tsafe, aure ya kai ni Furfuri. Maigidana manomi ne, amma da zarar an kawar da amfanin gona ba ka ganinsa sai a daji. Shekararmu goma sha ɗaya tare. Allah ya ba mu haihuwa sau biyu, ya karɓi abinsa duka biyun tun ba a yaye su ba. Gidan ya zama daga ni sai shi sai mahaifiyarsa, Inna, sai ƙaninsa Ɗanjuma da ke sashen gaba da iyalinsa. Sai kuma Barsu.

Barsu karya ce ja mai dogayen ƙafafu. Ya sa mata sunan ne don maƙwabtan da ke yi da shi a kan yana zama da karnuka. Irinta ba sayen kasuwa ba ne, kakarta ta yi farauta da mahaifinsa, kuma tun daga can ba a taɓa rasa jinin nan a gidan ba. Da muna da uku. Gyado ya farke ɗaya, tsufa ya ɗauke ɗaya, ya rage Barsu kaɗai, ita ma bakinta ya fara furfura. Da ƙafa ya kai ta Bungudu wurin wani abokinsa mai kare nagari, ya dawo yana lissafin kwanakin cikinta kamar wanda matarsa za ta haihu. Har tsiya nake masa, ina cewa ya tanadi ragon suna.

A lokacin shekara guda ke nan da barin fam aka koma naira, ana gab da saukar ruwa. Zazzaɓi ya kama shi ranar Laraba, ranar Asabar aka kai shi makwancinsa. Bai bar mini wasiyya a kan Barsu ba, bai ma samu bakin yi ba.

Na shiga takaba. Tsofaffin unguwa suka zaunar da ni suka jero mini dokoki: ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba ɗaga murya, ga 'yar wuƙa in riƙe duk inda za ni a cikin gida. Babbar dokar kuwa, kada ƙafata ta tsallake zaure har wata huɗu da kwana goma. Ban tambayi kowa dalili ba. Haka na ga an yi wa gwaggota a Bilbis, haka na ɗauka Allah ya ce.

Kwana huɗu da rasuwa, da hantsi, na zaga bayan ɗaki sai na ji ƙananan kuka a ƙarƙashin rumbu. Na durƙusa na leƙa. Biyar ne, uku maza biyu mata, suna ta turereniya a jikin uwarsu. Ƙaramin cikinsu ja ne irin Barsu, ƙafafunsa na gaba farare, nan take na ce masa Mai Safa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawa. Mutumin da ya yi wata biyu yana jiransu, kwana huɗu kacal ya rage masa. A wurin na ƙudurta a raina cewa ko me za a yi sai na raya su. Bai bar ɗa ba, bai bar dukiya ba, su ne abin da ya bari mai numfashi.

Sati biyun farko sai son barka. Ruwa ya sauka, ƙarƙashin rumbun ya yi laima, ban kawo komai a raina ba tunda ba ya ɗiga a kansu. Ina jiƙa wa Barsu ƙanzo, ina rage mata kunu. Ita kam ramewa take yi, na ce kewar maigidanta ce, ai ni ma zanena ya fara yi mini yawa. Su kuwa 'ya'yan cikinsu ya yi tim. Abokan farautar marigayi da suka zo gaisuwa suka sa Ɗanjuma ya fito musu da su zaure a cikin kwando. Ina bayan katanga ina jin su.

"Dubi ciki awa tulu," in ji ɗaya. "Nonon uwa ya karɓe su."

"Wanga baƙin nau na, kowa shi ji," in ji wani.

Mutanen da suka tsufa da karnuka ne suka faɗa, ni wace ce da zan yi musu? Har daɗi na ji, na ƙara wa Barsu kunu.

A sati na uku na fara ganin abin da ban gane ba. Cikin yana ƙara girma, sauran jikin yana tafiya. In ka shafa bayansu sai ka ji ƙashi, haƙarƙari a waje, gashin da yake sheƙi ya tashi ya yi buzu-buzu. Ga kuka ba dalili, su kama nono su saki. Sai zawo. Wata safiya ɗaya daga cikin matan ta yi amai a gabana, na ga wani abu fari dogo kamar taliya yana murɗawa a ciki. Na sa tsinke na ɗora shi a ganye na kai wa Inna.

Ta dube shi daga nesa. "Macijin ciki na. Ko ɗiyan mutane suna yin shi. Jiƙa musu kanwa."

"Inna, ba a kai su wurin malamin dabbobi a Gusau?"

"Malamin shanu dai. Wa kit taɓa ji ya kai kare asibiti? Tahi ki wanke hannunki, mai takaba ba ta wasa da karnai."

Kada wani ya ɗauka Inna muguwa ce. Tsohuwa ce da ta binne babban ɗanta, wuni take a bakin ƙofa da hularsa a cinya tana jan carbi. Abin da ta sani ta gaya mini. Na jiƙa kanwa, ina ɗura musu da ɗan cokali safe da yamma har kwana uku. Zawon ya ƙaru, ya zama ruwa tsagwaro. Da shigowar sati na huɗu, macen nan da ta yi aman ta daina motsi. Ɗanjuma ya ɗauke ta da ƙafa ɗaya ya kai kwazazzabon bayan gari, Barsu na biye da shi tana shinshina, ni kuma ina tsaye a bakin zaure daga ciki.

Ɗanjuma abokin wasana ne, ƙanin miji. Tun ina amarya ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba, Ta-Bilbis yake ce mini, ni kuma in ce masa ragon maza. Ran nan na tare shi a tsakar gida ba wasa a fuskata.

"Ɗanjuma, don Allah ka kai muna su Gusau."

"Ta-Bilbis, ruwa ya sauka, kowa na shuka. In bar gona in ɗauki kwandon karnai in tari mota? Direba ma ba shi ɗaukata. Gobe kuma in hita kasuwa a ce ga likitan karnai nan."

"Da akuyarka ta, da ka kai."

"Akuya ai ana cin ta."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya sosa ƙeya ya fita. Washegari ya dawo mini da ɓawon maɗaci daga wurin mafarauta, wai a jiƙa a ba su, shi ke korar tsutsa. Wani ma ya aiko a ba su ruwan taba. Wannan kam na ƙi, don na taɓa ganin yadda ya kayar da ɗan akuya a gidanmu. Maɗacin dai na jiƙa. Kowa ya san ɗacinsa. Sai na matse musu baki sannan yake shiga, suna zillo suna kallona. Har yau in na tuna yadda nake danne su a cinyata ina ɗura musu, sai in ji na tsani hannuna. Abin da ya ƙara yaudarata, tsutsa biyu ko uku sun fita a kashinsu, na ce magani ya kama, na ci gaba.

A cikin satin ne gwaggota ta zo daga Bilbis duba ni. Ta kawo mini daddawa da kuka, Allah ya saka mata. Ta tarar da ni a gindin rumbu. Da muka shiga ɗaki ta rage murya.

"Ke Rabi, mi kika yi haka? Mutane sun hwara magana. Wai kin hi kukan kare bisa ga na miji. A zuba su kwando a kai bayan gari ki huta."

Na yi mata godiyar daddawa, ai uwa ce. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Daga ranar na koma yin jinyar a ɓoye, in na ji sallama sai in tashi in zauna a tabarma in sunkuyar da kai yadda ake son ganin mai takaba. Na yi tunanin aika wa liman tambaya, sai in ji kamar ina jin bakin mutane: miji bai yi arba'in ba, tana aike a kan kare. Na haɗiye.

Sati na biyar shi ne ya karya ni. Kashinsu ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani ƙarni da ba na mantawa. Baƙin nan da mafarauci ya riga ya ce nasa ne ya fara tari, ya ƙi nono, ya tafi. Bayan kwana biyu ɗan'uwansa ya bi shi. Ba su yi wani kuka ba, kwanciya kawai suka yi suna numfashi sama-sama, cikin nan a kumbure. Ya rage mace ɗaya da Mai Safa. Na kwaso su na shimfiɗa musu tsohon buhu a bayan ƙofar ɗakina, na daina maɗacin, ina lasa musu nonon akuya da gwaiduwar ƙwai a yatsa. Inna ta leƙo ta gan su, ta gan ni, ta saki asabari ta koma.

Ranar sadakar arba'in, tun kafin a sauke tandar masa, macen ta cika. Na kifa mata masaki saboda baƙi. Gida ya cika, mata na shigowa suna yi mini gaisuwa, ina amsawa, idona na kan masakin. Bayan an shafa fatiha liman ya shigo gaida Inna, ya tsaya a bayan asabarina ya yi mini ta'aziyya. Ban san inda na samo bakin ba. Ina jin haushi ne ya ba ni.

"Malam, ina da tambaya, amma a kan kare ta."

Inna ta yi gyaran murya. Shi kuwa ya ce, "Yi tambayarki."

Na gaya masa komai, tun daga haihuwarsu har masakin da ke kife. Na ce saura ɗaya, ga malamin dabbobi a Gusau, ga ni a ɗaure.

"Wa yac ce maki mai takaba ba ta hita ko da lalura? Kwana na ba a yi waje. In lalura ta kama, ki hita da rana, ba ado, ki komo kahin rana ta hwaɗi. Dabbag ga kuwa tana hannunki, haƙƙinta na wuyanki. Mi yah hana ki aiko tun hwarko?"

"Kunya, Malam."

"To, Allah shi sawwaƙe."

Tsakanin ɗakina da zauren liman bai kai nisan zuwa rijiya ba. Sati uku ina ɗura kanwa da maɗaci, amsar tana nan gida huɗu daga namu. Na ji kamar in buga kaina a bango.

Washegari da sassafe Inna ce da kanta ta shigo da babban mayafinta a hannu. Ta riga ta sa Ɗanjuma ya sayar mini da kaza ɗaya don kuɗin mota, ta kuma ce ya raka ni ko ya so ko bai so ba.

"Direba ba shi ɗaukar kare," in ji ta. "Goya shi."

Na naɗe Mai Safa a tsumma. Na buɗe akwati na ciro majanyin da na goyi 'ya'yana da shi, shekara shida ban taɓa shi ba. Na sunkuya, Inna ta ɗora mini shi a baya, ta ja majanyin ta ɗaure da hannunta, ta lulluɓe ni. Matar da ba ta taɓa yarda inuwar kare ta taɓa tabarmarta ba. Nauyinsa bai kai na ƙwaryar gari ba.

Muka taka zuwa bakin titi muka tari a-kori-kura da ta fito daga Bungudu. Ɗanjuma ya zauna can ƙarshen benci kamar bai san ni ba. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji ɗan ƙaramin nishi a bayana, in yi tari don kada a ji. A Gusau muka sauka muka ratsa ta Tudun Wada muna tambaya har muka isa asibitin dabbobi.

Layi muka tarar, tun daga ƙofa har gindin bishiya. Fulani da maruƙa, masu raguna, wani da jaki mai gyambo a baya. Malami ɗaya ne ke dubawa. Muka zauna tun hantsi, rana ta take, ba mu kai ko rabi ba. Na ji jikin Mai Safa ya yi zafi, dole na kwance shi in ɗiga masa ruwa. Wasu samari masu raguna suka hango, suka fara zunɗe.

"Wagga ta haihi kare," in ji ɗaya, sauran suka kwashe da dariya.

Na ɗauka Ɗanjuma zai ƙara matsawa nesa. Sai na ga ya miƙe ya zo ya tsaya a kaina.

"Ɗan karyar yayana na, wanda Allah yay yi ma rasuwa. Wa ad da magana?"

Samarin suka kawar da kai. Wani dattijon Bafulatani da ke kusa da ƙofa ya taso ya leƙa, ya daɗe yana kallon ɗan kwikwiyon. Ya ce, "Baiwar Allah, shiga wurina. Maraƙina yana iya jira, wannan ba ya iyawa." Ban san sunansa ba, ban san rugarsu ba. Har yau ina sa shi a addu'a.

Malamin saurayi ne da farar riga, maganarsa irin ta mutanen Kano. Bai yi dariya ba, bai ma yi mamaki ba. Ya ɗora Mai Safa a tebur, ya latsa cikinsa, ya ɗaga fatar wuyansa ya saki, ba ta koma ba. Sannan ya ɗaga leɓensa ya ce in matso.

"Dubi dasashinsa. Na mai lafiya ja-ja yake. Kin ga wannan?"

Fari fat kamar auduga. Sati uku ina buɗe bakin nan ina ɗura masa abu, ban taɓa sanin akwai abin dubawa a ciki ba.

"Jininsa ya tafi," in ji shi. "Su nawa ne?"

"Biyar."

"Ina sauran?"

Ɗanjuma ne ya gaya masa. Ya tambayi abin da aka ba su, muka faɗa. Ya ce kanwa da maɗaci ba sa kashe tsutsa, zawo kawai suka ƙara musu. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi.

Abin da ya gaya mini zan rubuta shi yadda na riƙe, don shi ne dalilin wannan takarda. Ya ce tsutsar iri biyu ce ta haɗu musu. Akwai doguwar da na gani, ita ke kumbura ciki ta cinye abincin. Akwai wata 'yar ƙarama da ido ba ya cika kamawa, tana maƙale a hanji tana shan jini, ita ke baƙanta kashi. Ya ce yawancin 'yan kwikwiyo tun daga cikin uwa suke fitowa da tsutsa, wata kuma a nono suke sha, ƙwanta kuma yana zaune a ƙasa mai laima inda suke kashi. Saboda haka ba a jira sai sun nuna ciwo. Da sun yi sati biyu ake fara ba su magani, a maimaita bayan sati biyu, a ci gaba yadda malami ya tsara, a kuma ba uwar.

"Babban ciki a jikin da ke ramewa ba ƙoshi ba ne," in ji shi. "In aka ga haka, ko gashi ya tashi, ko zawo, ko amai da tsutsa, a kawo su a cikin satin. In kuwa kashi ya yi baƙi ko da jini, ko dasashi ya yi fari, ko ya ƙi nono, ranar za a kawo, ba gobe ba."

Ya ce a riƙa share kashinsu ana ƙonawa, a mayar da su wuri busasshe, yara kuma kada su yi wasa a wurin, in sun taɓa su wanke hannu, don tsutsar tana shiga mutum.

Na yi tambayar da bai kamata in yi ba. "Malam, da na kawo su tun suna sati biyu fa?"

Ya dubi tebur. "Rai na Allah ne. Amma yawanci suna tashi."

Ya yi wa Mai Safa allura, ya ɗiga masa wani abu a baki. Ya ce ƙarfinsa bai kai a ba shi cikakken magani ba yanzu, in ya kwana biyu ya fara cin abinci sai in auna masa daga wata 'yar kwalba da ya ba ni. Ya ba ni na Barsu daban. Duka kuɗin maganin bai kai abin da muka ba direba ba. Da zan fita ya ce, "Baiwar Allah, kada ki sa rai da yawa." Na sa, ai dole in sa.

Na sake goya shi, muka kama hanya da la'asar. A motar na zauna kusa da wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa a cinya. Ina jin numfashinsa a bayana, ƙanana, da sauri-sauri. Ina ta lissafi a raina: in share bayan ɗaki in zuba sabon yashi, in roƙi matar Ɗanjuma nonon akuya, jibi in auna magani. Mun bar gari da ɗan nisa sai ya miƙe ƙafafunsa sau ɗaya, na ji farcensa a haƙarƙarina, sannan ya saki. Duk macen da ta taɓa goyo ta san bambancin nauyin mai barci da wanda ba barci yake ba. Na san shi, ba yau na fara ji ba.

Ban motsa ba. In na kwance a nan, direba zai yi faɗa, a jefar da shi a bakin hanya. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Tsohuwar ta dubi bayana. "Ɗan naki ba shi da rigima. Tun Gusau bai yi kuka ba."

"Ya yi barci," na ce.

"Allah shi raya."

Na ce amin.

Mun shiga gida rana ba ta faɗi ba, kamar yadda liman ya ce. Inna ta dubi fuskata, ta zagayo bayana ta kwance majanyin. Barsu ta zo ta shinshina shi, ta ture shi da hanci sau biyu, ta koma ƙarƙashin rumbu. Ɗanjuma bai nufi kwazazzabo ba a wannan karon. Ya ɗauko fartanya ya haƙa rami a gindin katanga, ya yi zurfi don kada wani abu ya tone.

Na ba Barsu maganinta. Abin da ya fita daga cikinta ba ya faɗuwa. Ta murmure, gashinta ya kwanta, ta yi shekara uku a hannun Ɗanjuma, amma ba ta sake ɗaukar ciki ba. Jinin da ya zauna a gidan tun zamanin mahaifinsu a kanta ya tsaya.

Na yafe wa Inna, ta yi mini abin da ya fi ƙarfinta. Na yafe wa Ɗanjuma. Mafarautan da suka tsufa da kare ba su san kumburi ba, da tsofaffin da suka ɗaure ni da dokar da ba su tambayo ba, na daɗe ina jin zafinsu. Amma in na zauna ni kaɗai, kaina nake tuhuma. Baki ne da ni, kowa a Furfuri ya shaida, ba wanda ke gaya mini biyu ban mayar masa da uku ba. Ranar da ake buƙatarsa ne na rufe shi.

Saura kamar wata biyu in fita takaba, karyar wani maƙwabcinmu ta haihu. Shi ne mutumin da ya aiko da maɗacin. Na kira Ɗanjuma na maimaita masa maganar malamin har sau uku, na ce ya kai masa. Mutumin ya yi ta gunaguni, wai yanzu mata ne za su koya masa kare. Amma da suka cika sati biyu ya zuba su a kwando, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi Gusau tun da asuba don kada a gan shi.

Ranar da na fita takaba aka yi mini kitso, 'yan'uwana suka zo daga Bilbis ɗaukata. Na yi sallama da Inna, muka yi kuka. Muna wucewa ta ƙofar gidan maƙwabcin nan sai ga 'yan kwikwiyonsa sun fito a guje suna haushi da ƙananan muryoyi, suna cizon gefen zanena, jikinsu sumul, cikinsu a shafe. Ban yi niyyar ƙirga su ba, idona ne ya yi. Shida aka haifa, shida ne suka biyo ni har bakin titi.